Yadda ake mai da gona filin babban bikin waƙa, a kuma mayar wa shanu abinsu

A ƙauyen Pilton da ke yankin Somerset, kudu maso yammacin Ingila, akwai wata gonar shanun madara da ake kira Worthy Farm. Yawancin shekara ba abin da za ka ji a wurin sai kukan shanu da rurin tarakta. Amma idan ƙarshen watan Yuni ya zo, mutum wajen 210,000 ne ke kwana biyar a cikinta da gonakin da ke maƙwabtaka da ita, suna kallon mawaƙa. Wannan shi ne bikin Glastonbury. Mai gonar, Michael Eavis, ya fara shi a 1970 da mutum kamar 1,500, kuɗin shiga fam ɗaya, har da kyautar madara.

Mai kallo a talabijin, idonsa na kan mawaƙa da fitilu. Mai shirya taron kuwa ya fi ɓata dare a kan taɓo, da masai, da ƙofar fita. Gona tana da mai ita, tana da aikinta, biki baƙo ne na 'yan kwanaki. Ga yadda masu wannan sana'a ke bin abin daki-daki.

Fara da taka gonar da ƙafarka

Kada ka zaɓi fili daga taswira, kada kuma ka je duba shi ranar da gari ya yi wasai. Jira a tafka ruwa, washegari ka sa takalmin roba ka ɗauki sanda. Inda ka soka sandar ta nutse ba tare da ka danna ba, yi alama. Inda ciyawa ta kwanta gefe guda, nan ruwa ya bi da dare. Inda ka ɗaga ƙafa takalmin ya ƙi biyo ka, to ka tuna cewa ƙafa dubu ɗari za ta taka wurin, safe da yamma. Sannan ka nemi tsohon da ya daɗe yana noma gonar ka zauna da shi. Ya san kwarin da ruwa ke kwanciya, ya san shekarar da rafi ya haura, kuma ba zai caje ka ko sisi ba.

Wannan matakin ne ya fi kowanne cin mutane. A 2005 an yi wani hadari da asubar Juma'a a Glastonbury, ruwa ya gangaro ya mamaye wani ɓangaren wurin kwana, tantuna suka nutse har saman su kaɗai ake hange. Bayan haka ne aka zuba kuɗi masu yawa a magudanan ruwa. A ƙauyen Wacken na arewacin Jamus, inda ake bikin kiɗa a gonaki duk shekara, ruwan 2023 ya mai da filin ajiye motoci kamar kunu. Manoma suka riƙa jan motoci da tarakta, daga ƙarshe masu bikin suka rufe ƙofa. Cikin mutum 85,000 da suka sayi tikiti, kusan 61,000 ne suka samu shiga.

Abin da za ka fitar daga wannan zagaye shi ne rabon fili. Tudu na masu kwana ne. Ƙasa mai tauri da ke kusa da titi ta motoci ce. Gangare mai sauƙi, wanda na baya zai iya hangen gaba, shi ne wurin 'yan kallo, dandamali kuma a gindinsa. Fadama ka bar ta wa kwaɗi. Idan a ƙasarmu ne, lissafin lokaci ya fi sauƙi: bayan kaka, an girbe an kwashe kara, sai dai a nan ƙura da sanyin hunturu ne za su maye gurbin taɓo.

Maƙwabta kafin hukuma

Gona guda ba ta ɗaukar irin wannan taro. Glastonbury ma hayar gonakin maƙwabta take yi, filin gaba ɗaya ya kai eka 900 ko fiye. Ke nan tun kafin ka rubuta takardar neman izini, akwai gidajen da sai ka shiga ka gaisa. A rubuta yarjejeniya da kowane manomi: ranar da za a karɓi gonar, ranar da za a mayar, wa zai gyara shingen da ya karye, nawa za a biya idan ciyawar kiwo ta mutu. Maganar baki ba ta ƙetare damina biyu.

Sai mutanen ƙauye, waɗanda ba su da gona a ciki amma su za su sha ƙara da cunkoso. Waɗannan su ke iya rusa maka shiri gaba ɗaya. Masu shirya bikin Woodstock na 1969 a Amurka sun riga sun fara aiki a garin Wallkill, mutanen gari suka tayar da ƙayar baya, hukumar garin ta hana izini saura kamar wata guda. Da ƙyar suka samu gonar wani mai shanun madara, Max Yasgur, a Bethel ta jihar New York. Lokaci ya ƙure, ba a gama shinge da rumfunan tikiti ba, mutum sama da 400,000 suka kwararo, dole aka ce kowa ya shiga kyauta. Ana yawan ba da labarin cikin sha'awa, amma masu shirin sun fita da bashi a wuya.

Iyalin Eavis sun koyi zama da Pilton a hankali. Ana ware wa mazauna yankin tikiti, ana yi musu wani ɗan biki na godiya bayan babban ya wuce, an gina gidajen haya masu rahusa a ƙauyen, an gyara tsohon rumbun garin mai tarihi. Duk da haka ba kowa ke murna ba, kuma bai kamata ka sa ran kowa zai yi ba.

Game da izini, dokar lasisi ta 2003 a Ingila ta ɗora komai a kan abu huɗu: hana aikata laifi da hargitsi, tsaron lafiyar jama'a, hana damun maƙwabta, da kare yara. Ƙaramar hukuma ce ke ba da lasisin, da can ta Mendip, yanzu ta Somerset, bayan ta ji ta bakin 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan lafiya. A cikinsa ake rubuta adadin mutanen da ba za a wuce ba, da iyakar ƙarar lasifika, da lokacin da manyan dandamali za su tashi. Ko a inda doka ba ta tsananta haka ba, waɗannan tambayoyi huɗu sun isa su zama ma'auninka. Kai su gaban dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma da amsoshinsu a hannu.

Hanyar shiga, da wadda ta fi ta, hanyar fita

Titin ƙauye an yi shi ne don tarakta da motar ɗaukar madara. A Woodstock motoci sun toshe hanyoyi har sai da aka riƙa kawo mawaƙa da jirgi mai saukar ungulu. Maganin shi ne rage motocin tun daga gida. Glastonbury tana fara sayar da tikitin da ya haɗa da kuɗin bas kafin na gama-gari, kuma akwai motocin da ke jigila daga tashar jirgin ƙasa ta Castle Cary. Ana buɗe ƙofa tun Laraba ko da yake manyan mawaƙa sai Juma'a, don kada kowa ya iso rana ɗaya.

A cikin filin, raba hanyoyi uku da ba sa haɗuwa: ta masu tafiya a ƙafa, ta manyan motocin kaya, da ta gaggawa, wadda ko gwamna ne ya zo ba zai ajiye mota a kanta ba. Inda manyan motoci za su bi, ana shimfiɗa farantan ƙarfe a kan ciyawa. Ka tanadi bambaro ko ɓawon katako da za a zuba inda ya caɓe.

Kada ƙofar shiga ta zama ita ce ƙofar fita. A Duisburg ta Jamus, ranar 24 ga Yulin 2010, masu shiga da masu fita daga wani bikin kiɗa suka yi karo a hanya guda da ta bi ta ƙarƙashin gada, mutum 21 suka mutu a turmutsitsi. Ba gona ba ce, amma gona ma tana da irin waɗannan maƙogwaro: ƙaramar gada a kan rafi, ƙofar shingen shanu, tsukuku tsakanin itatuwa biyu. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka faɗaɗa wanda zai faɗaɗu, ka toshe wanda ba zai yi ba.

Shinge da tikiti

Duk lissafin ruwa, masai da likitoci a kan adadin mutane yake. Idan ba ka iya riƙe adadin ba, sauran aikin banza ne. A 2000 dubban mutane sun tsallake shingen Glastonbury ba tikiti, taro ya zarce abin da lasisi ya yarda, aka ci tarar Eavis, kuma ba a yi bikin 2001 ba. Da aka dawo a 2002 sai da katangar ƙarfe mai tsayin kusan mita 4 da ta zagaye filin. Daga 2007 kuma sai mutum ya yi rajista da hotonsa, a buga hoton a jikin tikitin, abin da ya karya kasuwar 'yan bumburutu.

Ruwan sha da bayan gida

Ga inda za ka gane ko mai shiri ya san aikinsa. Worthy Farm tana da manyan tankuna biyu a ƙarƙashin ƙasa, kowanne na ɗaukar ruwa lita miliyan ɗaya, da bututu da ke kai shi famfuna ko'ina a filin. Tun 2019 aka daina sayar da ruwan gorar roba, kowa ya zo da gorarsa ya cika kyauta. Ƙa'idar ita ce kada mutum ya yi doguwar tafiya ko dogon layi don ya sha ruwa, musamman a gaban dandamali inda zafin jiki ke kayar da mutane.

Masai kuwa, yawansa kaɗai bai isa ba. Dole motar kwasa ta iya isa kowanne ko an yi ruwa, dole a sa fitila, dole na mata ya fi yawa kuma ya kasance inda za su je da dare ba fargaba. Idan masai ya yi nisa, mutane gindin shinge za su nufa, fitsarin dubban mutane kuma rafi yake gangarawa. Su kansu masu Glastonbury, da duk gogewarsu, a 2014 wani tankin ƙazanta ya yoyo cikin kogin Whitelake ya kashe kifaye, kotu ta ci su tarar fam 12,000 a 2016, ban da kuɗin shari'a. Nesanta tankunan ƙazanta daga rafi da rijiya, ka kuma gina musu ganuwar ƙasa da za ta tare idan sun fashe.

Sai yanzu dandamali

Da gangan na bar shi har nan. Juya bakinsa nesa da gidajen ƙauye, ka duba inda iska ta saba kaɗawa da dare, don ita ke ɗaukar ƙara ta kai har ɗakin mai jego. Idan dandamalin sun fi ɗaya, nesanta su yadda kiɗan wannan ba zai shiga na wancan ba, kuma kada a tashi manyan biyu lokaci guda su zubo jama'a kan hanya ɗaya.

Gaban dandamali shi ne wuri mafi haɗari a filin. A bikin Roskilde na ƙasar Denmark a 2000, mutum tara suka mutu a matsi a gaban mawaƙa, ƙasa kuma ta yi santsi saboda ruwa. Daga nan aka koma raba gaba gida-gida da shingayen ƙarfe, kowane gida da adadinsa, da ma'aikata a tsakani suna miƙa ruwa suna ciro wanda ya galabaita. A naɗa mutum ɗaya, sananne ga kowa, mai ikon tsayar da waƙa nan take, kuma a gaya wa mawaƙin tun kafin ya hau.

Wutar lantarki, janareta biyu ga duk abin da bai kamata ya mutu ba, musamman fitilun hanya da lasifikar sanarwa. Asibitin tanti a gefen hanyar gaggawa. Masu abinci da tukunyar gas nesa da tantunan kwana.

Mayar da gona

Litinin da safe baƙi sun watse, aikin manomi ya fara. Shanun Worthy Farm suna cikin rumfarsu tun kafin biki, kuma ba za a sake su ba sai fili ya tsarkaka. Ɗaruruwan masu tsince shara ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa suna tafiya a hankali, kai a sunkuye, suna tsintar har guntun taba. Bayan su sai tarakta mai jan babban maganaɗisu, tana bin gona layi-layi, turakun tanti na ƙarfe suna tsalle daga cikin ciyawa suna manne mata. Saniya ba ta tauna ciyawa da kyau kafin ta haɗiye, turke guda ɗaya na iya huda mata tumbi. Aikin yakan ɗauki makonni, don haka kuɗinsa ya shiga kasafi tun ranar farko. Inda ƙafa ta daddaɓe ƙasa, a kafce a sake shuka ciyawa.

Sannan a bar gona ta zama saura lokaci-lokaci. Glastonbury ta huta a 2006, 2012 da 2018, aka kuma ware 2026, don ƙasa ta farfaɗo, mutanen Pilton su ma su samu barci. Ko shahararren dandamalin nan nasu mai siffar dala, wanda aka sake ginawa a 1981, da sanyi ya shigo rumfar shanu da ma'ajiyar abincinsu yake komawa, har zuwa 1994 da gobara ta cinye shi ana saura kwanaki kaɗan a buɗe ƙofa.