Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa yara masu karatu a gida da masu buƙata ta musamman

Na gaji da ganin iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida sun taso da zafinsu sun buɗe guruf a WhatsApp, wai za a riƙa haɗa yara wasa har da masu buƙata ta musamman, kafin ka ankara waɗanda aka yi abin dominsu sun daina zuwa. Niyya kam akwai ta, kurakuran ne dai iri ɗaya kullum.

Babbansu, wanda ya taɓa raba mu da iyali guda kuma har yau abin yana min ciwo, shi ne a zuba yara wuri ɗaya a kunna sifika a ce ku je ku yi wasa. Yaron da ke karatu a gida dama bai saba da hayaniyar aji ba, balle mai otizim (lalurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane da yadda yake jin abubuwan da ke kewaye da shi) da ƙara da hasken fitila da cunkoso suke taruwa su yi masa yawa lokaci guda. Ɗan iyalin da na ambata ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa yana ihu, manya suka zagaye shi kowa na tofa albarkacin bakinsa, wata har da cewa sangarta ce, uwar ta ɗauki ɗanta ta fita da hawaye, ba ta sake dawowa ba. Jama'a, abin da ke shiga kunnensa da idonsa ne ya fi ƙarfinsa, tsawa ƙara hargitsa shi take yi. Ni yanzu ba na yarda da wurin da babu ɗaki ko lungu mai shiru da yaro zai shiga ya huta in ya ji ya isa, kuma tun kafin ranar nake tura wa iyaye hoton wurin da jerin abin da za a yi bi da bi, su nuna wa yaransu. Yara kaɗan nake farawa da su, da wasa mai tsari kamar zane ko gini da bulon roba.

Na biyu shi ne mayar da yaro abin tausayi. A tsaya gaban kowa a ce wa zai taimaki wane, a kama kekensa na guragu a tura ba a tambaye shi ba, in an zo ƙwallo a ba shi riƙon jakunkuna. Haba! Wannan kallo ya zo ke nan. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ya faɗa ƙarara cewa yaran su samu damar wasa daidai da sauran yara, kuma ba tsiraru ba ne, hukumar kula da yara ta Majalisar, UNICEF, ta ce a 2021 sun kai kusan miliyan 240 a duniya, wajen yaro 1 cikin 10. To ku gyara dokar wasan mana. In akwai makaho a kawo ƙwallo mai ƙararrawa a ciki, in akwai kurma a ɗaga tuta maimakon busa usur kuma kowa ya koyi 'yan alamun maganar hannu, wani zagayen ma kowa ya buga a zaune. Yara ba sa ƙin wannan, manya ne masu ƙorafi.

Sauran ƙanana ne amma suna kore mutane. Ku je ku ga wurin da idonku, ku duba ko keke zai shiga ƙofar banɗaki, gangarar da keken zai bi kuma duk hawan santimita 1 tana son tsawon santimita 12. Ku daina tambayar uwa me yake so alhali ga shi a gabanku, shi za ku tambaya ku jira amsa ko da za ta ɗau lokaci. Canza rana ko wuri a ƙurarren lokaci yana rikita wasu yaran sosai. Hoton ɗan wani kuwa kar ya hau Facebook sai iyayensa sun yarda, shi ma yaron a ji ta bakinsa.