Yadda tawagar makaɗa za ta shirya rangadin wasa a Jamus

Makaɗan da suka zaga Turai sukan yabi Jamus a kan abu guda: karɓar baƙi. Ko ƙaramin gidan rawa ne mai ɗaukar mutum ɗari biyu, akasari za a ba ku abinci mai zafi kafin wasa, a tanadar muku wurin kwana, kuɗin da aka yi alkawari kuma ya fito cif. Sai dai karamcin Bajamushe da takarda da agogo yake tafiya. Abin da kuka rubuta kuka aika tun da wuri za ku tarar an tanada. Abin da kuka bari a zuci kuna jiran mai masauki ya gane da kansa, da wuya ku same shi.

A fara da neman wurin wasa, kuma a fara da wuri. Manyan bukukuwan bazara, irin Africa Festival na Würzburg da ake yi tun 1989, ko bikin Rudolstadt da ke zuwa a farkon Yuli, sukan kammala jerin makaɗansu watanni da yawa kafin lokaci. Wanda ke son wasa a watan Yuni, tun Oktoban shekarar da ta gabata ya kamata saƙonsa ya isa. A watan ne kuma ake taron WOMEX, kasuwar kaɗe-kaɗen duniya da aka fara a Balin a 1994, inda dillalan wasa da masu shirya bukukuwa ke haɗuwa. Abin da za su nema bai da yawa: bidiyon wasa na ainihi a gaban jama'a, ba wanda aka gyara a situdiyo ba, da hotuna masu kyau, da ɗan taƙaitaccen tarihin tawaga. Wasa ɗaya ba ya biyan tikitin mutum shida. Sai a sami babban biki guda a matsayin ginshiƙi, sannan a jera ƙananan wasanni kafinsa da bayansa.

Biza

Bizar Shengen ake nema, wadda ke ba da kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida a tafi, kuma ku yi amfani da wannan damar, domin samun ranar ganawa a lokacin bazara shi ne ke kashe rangadi da yawa. Kowane mutum zai kai fasfo da zai wuce ranar dawowa da aƙalla wata uku, da inshorar lafiya ta tafiya da ba ta gaza yuro 30,000 ba, da wasiƙar gayyata, da kwantiragin kowane wasa, da jadawalin da ke nuna inda za a kwana kowane dare.

Inda ake yawan faɗuwa wurare biyu ne. Na farko, suna: a fasfo Muhammad, a wasiƙar gayyata Mohammed, ko kuma an sa sunan wasa maimakon na yanka. Ku aika wa mai gayyata hoton shafin fasfon kowa ya kwafa harafi da harafi. Na biyu, shaidar cewa mutum zai koma gida: takardar aure, takardun haihuwar 'ya'ya, bayanan banki, wasannin da ke jiran ku bayan dawowa. Kada kuma a cusa wanda ba makaɗi ba a cikin tawaga don an roƙe ku. Ranar da ya sulale a filin jirgi, da ku da mai gayyatar ku duka kun ɓata sunanku a ofishin jakadanci.

Kuɗi da haraji

Nan ne ake yawan samun saɓani a daren biya. Dokar Jamus ta wajabta wa mai shirya wasa ya cire harajin baƙin masu fasaha daga ladanku kafin ya miƙo muku: kashi 15 cikin ɗari, da wani ɗan ƙari a kai, jimla kashi 15.825. Idan an yi yarjejeniya a kan yuro 2,000 ba a fayyace komai ba, za a cire 316.50, ku karɓi 1,683.50. Ba cuta ba ce, doka ce. Saboda haka a kwantiragi a rubuta ƙarara ko adadin kafin haraji ne ko bayansa.

Akwai sauƙi ga ƙananan wasanni. Idan rabon kowane makaɗi a wasa ɗaya bai wuce yuro 250 ba, ba a cire wannan harajin. Mutum biyar a kan yuro 1,200, kowa 240 ke nan, sun tsira. Da an ba su 1,300 kuwa, kowa 260, haraji zai hau kan kuɗin baki ɗaya, abin da zai rage musu bai kai 1,100 ba. Ku yi wannan lissafin kafin ku roƙi ƙarin yuro ɗari. Kuɗin tikiti da na otal a ware su daban a takarda, tare da rasit, don kada a haɗa su cikin lada. In an cire haraji, ku nemi takardar shaidar cirewar.

Bayan wasa za a miƙo muku wata takarda ta GEMA, ƙungiyar da ke tara haƙƙin mawaƙa a Jamus. A cike ta da sunan kowace waƙa da sunan wanda ya ƙirƙire ta. Mai shirya wasa ne ke biyan kuɗin, amma ba zai iso gare ku ba sai in kun yi rajistar waƙoƙinku da wata ƙungiyar haƙƙin mallaka da ke da hulɗa da GEMA.

Kayan kiɗa

Kayan kiɗan da mutum ke ɗauke da su a hannu, wanda zai yi wasa da su ya koma da abinsa, ana iya wucewa da su ta koriyar ƙofar kwastan, wato ta waɗanda ba su da kayan bayyanawa. Matsalar tana ga abin da aka yi su da shi. Goge da kukuma ana yawan rufe ƙoƙonsu da fatar guza ko damo, kuma waɗannan dabbobi suna cikin jerin da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, ta kare. Ba tare da takardar izini ba, jami'in kwastan na da ikon ƙwace gogen, kuma roƙo ba ya aiki a wurin. Ko dai a nemi takardar daga hukumar da ke kula da namun daji tun a gida, ko kuma, abin da ya fi sauƙi, a sa maƙerin goge ya haɗa wani na tafiya da fatar akuya. Haka duk wani ado na fatar mesa ko hauren giwa, a bar shi a gida.

Yanayi ma na taɓa fata. Ɗakin da aka kunna na'urar ɗumama shi busasshe ne ƙwarai, fatar kalangu ko kotso takan ɗaure har ta tsage idan aka jingina ta kusa da ƙarfen ɗumamar. A filin biki kuma, in yamma ta yi da raɓa ko yayyafi, sai fatar ta saki, muryar ta mutu. Ku tafi da fata ta biyu ga kowace ganga, da tsarkiya, da sandar kiɗa biyu ko uku, da izga da ƙaro na mai goge, domin babu shagon da zai sayar muku da su a can. A fito da gangunan daga jaka awa ɗaya kafin gwajin sauti su saba da iskar wurin. Kada a bar su su kwana cikin mota.

Manyan kaya kamar jerin gangunan bature da lasifikar jita ba a ɗauko su daga gida. Ana rubuta su a takardar bukatun dandamali, mai masauki ya tanada ko a yi haya. A takardar a zana inda kowa zai tsaya, makirufo nawa, da irin wanda kowane kayan kiɗa ke so. Injiniyan sauti na can mai yiwuwa bai taɓa ganin gurmi ba, don haka a sa hoto. Wutar Jamus bolt 230 ce, amma soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, filogin Najeriya mai ƙafa uku ba zai shiga ba. Kowa ya riƙe mahaɗi biyu.

Faya-fayai da rigunan sayarwa kayan kasuwanci ne, ta jar ƙofa ake bi da su a biya haraji. Sau da yawa ya fi arha a buga su a Jamus a aika adireshin wasan farko. Kilishi, dambun nama, man shanu da duk wani nama ko madara an hana shiga da su Tarayyar Turai. Tsabar kuɗi daga yuro 10,000 zuwa sama kuma sai an bayyana.

Zama da mai masauki

Alkunya ba ta da amfani a teburin Bajamushe. Idan ya tambaye ka ko za ka ƙara abinci ka ce a'a, ya gama, ba zai sake tayi ba, domin a ganinsa girmama ka ya yi da ya ɗauki maganarka. Wanda ke jin yunwa ya ce yana jin yunwa.

Tun wata guda kafin tafiya a aika takardar bukatun abinci da masauki. A rubuta yawan mutane, a ce ba a cin naman alade, ba a shan giya, a kuma faɗi ko naman halal kaɗai ake ci. Kada a tsaya ga "mu Musulmi ne", a fayyace. Za ku ga sun bi ta layi-layi, wani lokaci har da tafiya shagon Turkawa a sayo nama saboda ku. In ba a rubuta ba, abin da ke jiran ku a ɗakin hutawa shi ne akwatin giya da faranti na yankakken nama, wanda yawancinsa alade ne. A kan kunshin abinci, kalmar Schwein ita ce alade, kuma a duba Gelatine a jikin alewa, domin sau da yawa daga alade ake yin sa. Ruwan kwalba ma iri biyu ne. Wanda suka fi sha mai gas ne, in ba ku son sa ku nemi wanda aka rubuta still ko ohne Kohlensäure. Ruwan famfo lafiyayye ne. Wasu wuraren ba su dafa abinci, sai su ba kowa kuɗin abincin dare a hannu. A tambayi wanne ne tsarinsu, saboda bayan ƙarfe goma sha ɗaya a ƙaramin gari sai dai mai sayar da döner, wato shawarmar Turkawa. A wannan takardar kuma a nemi ɗan wuri mai tsabta na salla. A watan Yuni rana kan kai bayan tara da rabi ba ta faɗi ba, don haka magariba za ta iya riskar ku a kan dandamali.

Ƙananan gidajen wasa sukan sauke tawaga a wani gida da suka ware don makaɗa, ko ma a gidan ɗaya daga cikin masu shirya wasan. Nan ne karamcin ya fi fitowa fili: da safe za ku tarar da kwandon ƙananan burodi masu ɗumi da aka sayo daga gidan burodi, da cuku, da dafaffen ƙwai, da kofi, mai gida yana zaune yana jiran ku ci tare. A cire takalmi a ƙofa. Daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe lokacin shiru ne a doka, hira da ƙarfi a baranda ko gwada ganga na iya sa maƙwabci ya kira 'yan sanda, mai masaukinku ne kuma zai sha kunya. Shara ana rarraba ta, a tambaya kafin a zuba. Kwalaben roba da gwangwanin lemo ba a yar da su, akasarinsu akwai santi 25 a kan kowanne, da ake mayar wa mutum in ya kai su kanti. Kafin a fita a yaye zanen gado a ninke, a wanke kofuna. Ku zo da 'yar tsaraba, hula ko faifai mai sa hannun tawaga. Gidajen nan mutane kaɗan ne ke riƙe da su, da yawansu aikin sa-kai suke yi, kuma suna gaya wa juna tawagar da ta bar gida fes da wadda ta bar shi kaca-kaca.

Gwajin sauti na ƙarfe huɗu yana nufin huɗu saura kwata kuna sauke kaya. In cunkoso ya riƙe ku, ku buga waya tun kafin lokacin ya cika. Haka lokacin tashi: in an ce sha ɗaya, injiniya zai rage sauti a sha ɗaya, domin izinin gidan ya dogara da hakan.

Masu kallo ba sa liƙi, kuma shirunsu a lokacin waƙa sauraro ne. Jimla biyu kafin kowace waƙa a kan abin da take faɗa tana jawo su kusa. In an gama suka ci gaba da tafi suna kiran Zugabe, ƙari suke nema, don haka a ɓoye waƙa ɗaya. Daga nan a miƙe zuwa teburin faya-fayai da canji a hannu, a tsaya a gaisa, kuɗin man mota sau da yawa daga nan yake fitowa.

Hanya

Mota mai kujera tara ana tuƙa ta da lasin ƙaramar mota, muddin nauyinta bai wuce tan 3.5 ba, amma direba ya tanadi lasin ƙasa da ƙasa, a kuma sa sunan duk mai tuƙi a takardar haya. A babbar hanya a tsaya dama, hagu na masu wucewa ne, kuma wasu na zuwa da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Daga Balin zuwa Munik kusan kilomita 600 ne, kada a sa irin wannan tafiyar da wasa a rana ɗaya bayan an kwanta ƙarfe biyu. Jirgin ƙasa na ICE na yin ta cikin kimanin awa huɗu, tikitinsa na da arha in an saya da wuri, sai dai yana yawan makara, a bar tazara mai kyau a wurin canjin jirgi. Ranar Lahadi manyan kantuna a rufe suke, a yi cefane ran Asabar. Lambar gaggawa 112 ce, ta 'yan sanda 110.

In hanya ta bi ta Kolon ko Farankfot, a tuntuɓi sashen Hausa na DW da ke Bon, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1963. A rubuta musu makonni kafin zuwa, tare da jadawalin wasanni da ranar da babu wasa.