Yadda Ake Zaɓen Kyamarar Farko da Kuɗi Kaɗan a Damagaram

Duk wanda ya daɗe yana tara ƴan kuɗinsa domin sayen kyamara ta farko, ko don ya fara sana'ar hoton biki da suna, ko don ya adana hotunan gidajen Birni masu zane a bango kafin damina ta ƙara cinye su, akwai tarko guda da ke jiransa a kasuwa, wato manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali. Ra'ayina shi ne, ga mai ƙaramin ƙarfi, tsohuwar kyamara ta hannu daga kamfanin da aka sani, wadda aka bincika da kyau, ta fi sabuwa fil marar asali nesa ba kusa ba. Ga yadda za a bi a kai gare ta.

Mataki na farko shi ne ka faɗa wa kanka gaskiya game da aikin da za ka yi da ita. Idan bukatarka ba ta wuce hoton ƴan uwa da rana tsaka domin turawa a WhatsApp ba, wayar da ke aljihunka ta isa, ka bar kuɗinka. Kyamara tana nuna fifikonta ne a wurare uku: cikin ɗaki mai ƙarancin haske kamar ɗakin amarya, a kan abin da ke nesa, da kuma abin da ke gudu, kamar dawakin da ke sukuwa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla ko ƴan kokawa a fili. Haka kuma ka yanke tun yanzu ko bidiyo ne babban aikinka ko hoto, domin amsar za ta canja abin da za ka saya.

Na biyu, ka raba kuɗin tun kafin ka bar gida. Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kan kyamarar ita kaɗai. Shawarata ita ce ka ware kusan kashi ɗaya bisa huɗu domin batir na biyu, da katin memori, da jaka mai rufewa da kyau, da kayan share ƙura. Mai jaka 160 na sefa, misali, ya ɗauka cewa jaka 120 ce kuɗin kyamararsa, sauran na kayan aikinta ne.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa, saboda a nan ake yi wa mutane wayo. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske, wanda ake kira sensa, kuma girmansa ne ke da babban tasiri a kan kyawun hoto, fiye da yawan megafiksel, wato adadin miliyoyin ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton. Ƙananan kyamarorin aljihu galibi suna da sensa mai tsawon kusan milimita 6 da faɗin 4.5, alhali kyamarorin da ake canja wa lensi, wato gilashin gaban kyamara, masu sensar da ake kira APS-C, nasu ya kai kusan milimita 23 da 15. Idan aka lissafa fili, na biyun ya ninka na farkon sau goma sha biyu zuwa sha uku, ke nan yana kwasar haske mai yawan gaske a ɗauka guda, shi ya sa hotonsa na dare yake fitowa da tsabta, na ƙaramin kuwa ya fito da yashi-yashi, fuskoki su dagule. Game da megafiksel kuwa, hoton da ake wankewa mai girman santimita 10 da 15 ba ya bukatar fiye da megafiksel 2 da ɗan kai, mai girman takardar A4 kuma kusan 9 ta wadatar da shi. Saboda haka kyamara mai megafiksel 12 ko 18 da babban sensa ta ishe ka yin hoton da za a saka a firam a rataya a falo. Idan ka ga sabuwar kyamara marar nauyi, mai suna da ba ka taɓa ji ba, an rubuta mata megafiksel 48 ko 64 da 4K, alamar bidiyo mai tsabta sosai, kuma kuɗinta bai kai na wayar kirki ba, ka ajiye ta. Yawancin irinsu ƙaramin sensa ne a ciki, lambar kuma ta fito ne daga buɗa hoton da na'ura, araha kuwa ba ta ado. Haka nan ka bambance jawo abu kusa da gilashi ke yi, wanda shi ne na gaskiya, da wanda ake kira na dijital, wanda yanke hoton kawai yake yi ya kumbura shi.

Na huɗu, ka san sunayen da za ka tambaya. Tun da masu hoto da yawa a ƙasashen waje suka koma ga kyamarori marasa madubi, tsofaffin masu madubi, wato masu ɗan madubi a ciki da ke kai hoto wurin leƙawa, sun yawaita a kasuwar gwanjo. A ɓangaren Canon akwai EOS 600D ta 2011, da 1200D ta 2014, da 1300D ta 2016, duka masu megafiksel 18, sai 2000D ta 2018 mai 24. A ɓangaren Nikon akwai D3100 ta 2010 mai 14, sai D3200, da D3300, da D3400, da D3500 ta 2018, duka masu 24. Sony a6000 ta 2014 marar madubi ce, ƙarama, mai saurin daidaita gani, wato saita lensi da kanta har hoto ya fito sarai, amma batirinta yana ƙarewa a wajen hoto 300 da ɗoriya, alhali D3500 tana iya kaiwa 1,500 a caji guda bisa gwajin kamfani, kuma a garin da wuta ke yawan ɗaukewa lokacin zafi wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Mai son bidiyo ya duba ko akwai ramin saka makirfo: 600D da D3200 da D3300 suna da shi, 1300D da 2000D da D3400 da D3500 ba su da shi, kuma bidiyon waɗannan kyamarori yana yankewa da kansa kafin ya cika minti 30, wasu ma a minti 20 ko 10. Wani abin lura shi ne Canon 4000D da 2000D ta farkon fitowa ba su da ƙarfen tsakiya a mazaunin filas, don haka filas mai araha na wasu kamfanoni ba ya tashi a kansu. Tsakanin Canon da Nikon kuwa ba sai an yi dogon musu ba: ka je wurin masu hoton unguwarku, ka ga wadda suka fi riƙewa, ka bi sahunsu, domin a nan ne za ka samu aron lensi, da batir, da mai gyara.

Na biyar, lensi. Wanda ake haɗawa da kyamarar, mai lamba 18-55, ya isa a fara da shi. In kuɗi sun samu daga baya, mai lamba 50 f/1.8 shi ne ya fi dacewa da hoton mutum, saboda yana shigar da haske kusan ninki goma na abin da 18-55 ke shigarwa idan an murɗa shi zuwa 55, kuma yana lulluɓe bayan mutum fuska ta fito fes. Mai Nikon ta jerin D3000, wato D3100 zuwa D3500 da aka ambata, ya tabbata an rubuta AF-S a jikin lensin, domin waɗannan kyamarori ba su da injin daidaita gani a jikinsu, tsohon lensi mai alamar AF-D kuwa sai an murɗa shi da hannu.

Mataki na shida shi ne binciken kyamarar, kuma ko a nan Kasuwar Dole ka same ta, ko a Yamai, ko Kano, kada ka biya kuɗin abin da ba ka riƙe a hannunka ba, gani ya kori ji. Ka tafi da katin memori naka, kuma in da hali ka tafi da wanda ya san sana'ar. Ka fara da jikinta: ƙusoshin da aka kwance aka mayar sukan nuna ƙarzuwa a kansu, alamar an taɓa buɗe ta. Ka buɗe mazaunin batir ka leƙa ko akwai tsatsa ko wani kore-kore a kan ƙarafan. Ka danna kowane maɓalli, ka murza kowane dabaran, ka tayar da filas ɗin jikinta ka ga ya haska. Sannan ka cire lensin, ka kunna fitilar wayarka ta bayansa, ka duba ta gaba. Ƴan ƙwayoyin ƙura ba matsala ba ne, amma in ka ga wani abu fari mai rassa kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashin, to fumfuna ce, wadda ke kama kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku masu danshi, kuma ba ta fita da goga. Ka mayar da lensin, ka murza dabaran saman kyamarar zuwa A ko Av, ka kai lambar f, mai nuna girman ƙofar haske a lensi, zuwa 22, ka ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, sannan ka buɗa hoton a allo ka bi shi kusurwa-kusurwa. Ɗigo-ɗigon baƙi ƙura ce a kan sensa, ana share ta, sai dai ta zama dalilin neman ragi. Layi kuwa da ya ratsa hoton daga sama zuwa ƙasa a kowace ɗauka, lalacewa ce, ka haƙura da ita.

Kada ka manta da adadin ɗaukar da ta yi, wanda matsayinsa ɗaya da kilomitan da babur ya ci. Labulen da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto yana da iyakar rayuwa, kuma a irin waɗannan ƙananan kyamarori ana ƙiyasta shi a wajen ɗauka 100,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ana iya karanta shi ta shafukan intanet da aka yi don haka, ta Canon kuwa yawanci sai an haɗa ta da kwamfuta. Wadda ta yi 20,000 tana da sauran tafiya mai nisa, wadda ta haura 90,000 kuwa sai in kuɗinta ya faɗi ƙwarai.

Na bakwai, ciniki. Ka nemi mai kaya ya ba ka kwana biyu ko uku na gwaji, a gaban shaida, a kuma rubuta lambar da ke ƙarƙashin kyamarar a takardar saye, wanda zai kare ka idan aka zo da zancen kayan sata. Ka karɓi cajar asali, ka kuma tabbata ana samun batirinta: LP-E10 ga 1200D da 1300D da 2000D, EN-EL14 ga Nikon ɗin da aka ambata, NP-FW50 ga a6000. Katin memori shi ma ana yin jabunsa, a rubuta masa 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai an gama biki a tarar hotunan ba sa buɗewa. Kati biyu masu gigabait 32 sun fi ɗaya babba tsaro, mai bidiyo kuma ya nemi mai alamar sauri ta U3 ko V30. Kafin ka kai kati wurin aiki, ka cika shi taf da manyan fayiloli a kwamfuta, ka sake buɗe su ka ga ko suna nan lafiya.

Na ƙarshe shi ne kare ta daga yanayin garinmu. Lokacin hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ba ta barin ko'ina, don haka kada ka canja lensi a fili. Ka shiga ɗaki, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri, musamman in marar madubi ce, wadda sensarta ke tsirara da zarar an cire lensi. Kada ka hura mata iska da baki, kada kuma ka goge gilashi da bakin riga ko rawani, domin ƙwayar yashi guda tana iya barin zane na dindindin. Ka fara kaɗe ƙurar da ƴar robar hura iska, sannan ka bi da ƙyallen goge tabarau mai laushi. Takardun da ke zuwa da waɗannan kyamarori sun ƙayyade zafin aikinsu daga digiri 0 zuwa 40, a Afirilu da Mayu kuwa zafin Damagaram yakan wuce haka, saboda haka kada ka bar ta cikin mota a rufe ko kan babur a rana, kuma in za ta yi makonni ba a taɓa ta ba ka cire batirin ka ajiye shi daban a wuri mai inuwa.