Yadda nike cefane a Yamai ba tare da na biya kuɗin kwali ba

Ran nan wata maƙwabciyata ta shigo da sassafe ta iske yara na shan kunun gero kafin su tafi lakwal, sai ta ce haba Hajiya, maigida na aiki ke ma kina aiki amma har yanzu kunu? Dariya kawai na yi don ni ma na taɓa yin wannan haukar. Shekarar da muka taso daga Tawa muka dawo Yamai na shiga wani babban shago a Filato mai sanyin kilima, na ɗauko kwalin abin nan na turawa da ake zuba ma madara da safe, kuɗinshi ya kai na tiya 3 ta gero. Kwana 2 ya ƙare, ashe rabin kwalin iska ce, kuma tun ƙarfe 10 ba ta yi ba yara suka fara kukan yunwa. Tun ranar na koma ma abin da Inna ta raine mu da shi, to bari in gaya muku yadda nike yi ko wata za ta ƙaru.

Abu na fari, ki zauna da takarda ki rubuta duk abin da kike saye a wata, sannan ki tambayi kanki kan kowane ɗaya, wannan don ciki ne ko don idon mutane? Za ki sha mamaki. Ni da na yi nawa na iske mayonez, lemun gwangwani, biskit, sardin da wani man shafawa mai sunan Faransa suna cinye kuɗin da ya isa rabin buhun hatsi, kuma ba wanda ya taɓa ƙoshi da su a gidan.

Na biyu shi ne lokaci, kuma nan ne duk ribar take wallahi. Kowane abu na ƙasarmu da watan da yake faɗuwa. Gero, dawa da wake a kaka, Oktoba zuwa Disamba, lokacin ne za ki ɗaure ki sayi na watanni, in kin bari har damina ta kama rumbuna sun yi ƙasa to kin shiga hannun ƴan kasuwa. Albasar Galmi wajen Maris da Afrilu take cika gari, ni da nike ƴar can na san ta tun tana gona, ki sayi buhu ki baza ta a inuwa inda iska ke shiga, kada ki bar ta cikin leda kada ki tara ta wuri guda, kowane mako ki bi ki tsince wadda ta fara laushi don guda ɗaya ruɓaɓɓa tana kashe goma. Lokacin sanyi kuma tumatir, shu, karoti da salati na lambunan bakin kogi har roƙonki ake ki saya, ga dankalin Bonkuku shi ma ya shigo. In tumatir ya faɗi nikan je kasuwar Jamaje da asuba in ɗauko kwando, mu zauna ni da ɗiyata mu yanka shi biyu biyu, mu barbaɗa gishiri kaɗan mu shanya bisa tabarma saman rufi mu lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Kwana 4 ko 5 ya bushe ƙamas. Wannan kauɗar ita ke riƙe ni har damina lokacin da tumatir 3 ƙanana ake ce miki dala 40. Damina kuwa ƙwan zabi ne da zogale ɗanye.

Sai yadda za ki sayi hatsin kanshi. Ki je Katako ko Wadata, kada ki je da kwalliyar biki da jakar hannu mai ƙyalli, daga ganinki an ƙara miki dala 20. Ki zagaya wuri 3 ki ji farashi kafin ki buɗe baki. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, ma'ana tiya guda wajen kilo 2 da rabi, ki riƙe wannan lissafin a kanki don da shi za ki gane ko buhu ya fi miki ko awo. Ni akwai wani dattijo da nike saye wurinshi, amma duk da sabo sai na tura hannu can cikin buhun har gwiwar hannu in ɗebo na ƙasa, in murza a tafi in hura in ga yawan ƙaiƙayi da tsakuwa, in ciji ƙwaya guda, in ta yi ƙas to ya bushe. Kullum sai ya ce ɗiyata ba ki yarda da ni ba? In ce Baba na yarda da kai, buhun ne ban sani ba. Sannan ki kifa tiyar ki dubi gindinta, wasu suna buga ta ta lotsa ciki, kuma a cika miki ta yi tozo kada a share baki.

In kuɗin buhu ya fi ƙarfinki ku haɗu ku 4 a unguwa ko ku sa shi cikin adashe ku raba tiya 10 10. Sayen dala 20 dala 20 kullum wurin mai tebur shi ke tsiyata mutum bai sani ba, sukari, omo, mai, duk wanda aka ƙulla a ƴar leda ya fi tsada in kin auna. Wake kuma ƙwari ne matsalarshi, ki nemi buhun PICS mai leda 2 a ciki ko ki wanke bido na lita 25 ya bushe sarai ki cika shi taf ki toshe, in iska ba ta shiga ƙwarin mutuwa suke, ba sai kin sa maganin feshi cikin abincin yaranki ba.

Shinkafa fa? Kowa ya ga abin da ya faru bayan Yulin 2023 da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta rufe mana iyakoki, shinkafar waje ta yi tashin gwauron zabi, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. A lokacin ne da yawa suka tuna ashe ana noman shinkafa nan bakin kogin Isa wajen Tilaberi da Gaya. Tana son tsinta da wanki sosai, wannan gaskiya ne, amma tana da ɗanɗano kuma tana kumbura. Ni dai ma na rage shinkafar gaba ɗaya, sau 3 a mako, sauran ranaku tuwon gero ko na masara, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, wake da mai da yaji. Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarin jini nesa ba kusa ba, ko a asibiti kunun gero da gyaɗa ake ce ma masu shayarwa su dama ma yara, amma mu sai mu riƙa jin kunyarshi kamar abin sata.

Miya ba sai na daɗe a kai ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yakuwa, daudawa, gabu, jan tattasan Difa, in kina da waɗannan dunƙulen Maggi guda ya ishe ki maimakon 5 da wasu ke watsawa. Ranar da nama ya yi tsada busasshen kifi ko soyayyar fara da yaji, yarana har faɗa suke a kan fara.

Abin sha ma haka. Zoɓo, tsamiya, lemu hari mai citta, ki dafa da dare ki sa firigo in Allah ya sa akwai kuran. Hura kuwa ba a gaya ma ɗan Adar daɗinta, ta dala 20 da nonon Fulani da rana tsaka a watan Afrilu ta fi mini duk wani yawur mai hoton ƴaƴan itace a jiki. Amma ki kula da garin madarar da ake aunawa a leda, da yawa an cire man nonon an maye da man kwakwar manja shi ya sa take araha, a sha shayi da ita ba laifi amma ba abincin jariri ba ce.

Don ba kowace araha ce nike bi ba. A farmasi nikan ce a ba ni jenerik, wato magani mai sunanshi na asali ba sunan kasuwa ba, parasetamol da Doliprane abu guda ne ciki, suna da kwali ne suka bambanta, ki tambayi mai farmasin zai gaya miki. Amma maganin da ake yawo da shi a kai cikin rana ko a baza a ƙasa bakin tasha, ko kyauta ne ban so. Haka man girki da ba ki san asalinshi ba. Sai sharjer, na taɓa sayen ta dala 100 a hannun wani yaro bakin danja ina murna na yi wayo, daren nan ta narke ta ƙona mini bakin portabul, gyaran ya ci jikka 6, maigida ya yi sati yana mini dariya. Takalman yara na lakwal su ma gara in je gwanjo in zaɓo mai ƙwari da in sayi sabo mai sheƙi da zai buɗe baki kafin hutun farko.

Saura maganar baƙi, don na san ita ce ke hana mata da yawa sakewa, wai mi za a ce. Ni abin da nike yi shi ne in gyara kwano ba in canza abinci ba, dambun nan dai da muke ci shi zan zuba a tire mai kyau in yanka albasa da tumatir da dafaffen ƙwai bisa, in kawo zoɓo mai sanyi a jog. Maƙwabciyar tawa da ta yi mini gorin kunu, shekaranjiya ta aiko ɗanta da kwano wai in akwai sauran dambun jiya a sam mata, kuma wai in za ni Katako ƙarshen wata in biya mata mu tafi tare.