Shawara ga masu kunnen ƙungiyoyin mawaƙan Ingila, Pink Floyd da Genesis

'Yan uwa, na ga wasunku na cewa duk waƙar da ba ta kai minti goma ba, ba ta da zurfi. Ban yarda ba. Ku nemi faifan Kate Bush, Hounds of Love, na 1985. Ita ce mawaƙiyar Ingila da David Gilmour na Pink Floyd ya taimaka mata tun tana yarinya ta samu shiga harkar. Ɓangare na biyu na faifan waƙoƙi bakwai ne a jere, labari ɗaya: ruwa yana yawo da wani mutum a cikin teku da dare, yana jiran ceto.

Amma don Allah kada ku saurara ta lasifikar waya a cikin hayaniya. Ku bari sai bayan isha'i, gida ya yi tsit, ku sa abin kunne, daga farko har ƙarshe ba tsallake.

Sai kuma Solsbury Hill na Peter Gabriel, 1977, bayan ya bar Genesis. Kamar waƙar rediyo mai sauƙi ce, amma ku buga yatsa a gwiwa kuna ƙirgawa. Bugun bakwai-bakwai yake tafiya, ba huɗu ba. Ni sai da na ji ta sau uku kafin na kama shi.