Yadda za ka je kallon makaɗan bulugiras a ƙauyukan Bajiniya ka ji daɗinsa

Duk wanda ya taso yana kunna rediyo da yamma a arewa ya san muryar Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton, ko bai san abin da suke faɗa ba ya san sanyin kiɗan. To wannan kiɗan na kantiri da muke ji a kaset yana da gida, kuma har yau a gidan nasa ana yinsa duk mako ba da manyan sifiku ba, ba da ganga ba, mutum biyar ne ko shida tsaye da kayan tsirkiya a hannu a cikin wani tsohon kanti ko rumfa, jama'ar gari suna zaune kusa da su har kana jin ƙarar farce a kan tsirkiya. Wani reshe na wannan kiɗan shi ake kira bulugiras. Ga 'yan uwa da ke zaune a Amurka ko masu zuwa ziyara, musamman na kusa da jihohin Bajiniya da Karolina ta Arewa, wannan rubutun naku ne, don ina ganin asara ce mutum ya shekara goma a ƙasar nan bai taɓa zama ya saurari banjo, wani kayan tsirkiya mai kama da gurmi, da kunnensa ba alhali asalin abin daga wajenmu ya taso.

Fara da zaɓen wuri, kuma shawarata kar ka fara da Nashville. Can ne Grand Ole Opry, shahararren dandalin kiɗan kantiri, yake tun 1925, wuri ne mai tarihi ba musu, amma tikiti da tsada kuma makaɗan suna can nesa a kan dandamali. Ka nufi kudu maso yammacin Bajiniya, cikin tsaunuka, akwai wata hanya da suke kira Crooked Road mai tsawon mil 300 da ɗoriya wadda ta haɗa wuraren kiɗan gargajiyar yankin. A kanta akwai garin Floyd, ɗan ƙaramin gari ne da fitilar ba da hannu ɗaya tak, a nan akwai Floyd Country Store da ake kiɗa duk daren Juma'a. Akwai Carter Family Fold, ɗakin kiɗan iyalan Carter waɗanda suke cikin mawaƙan kantiri na farko, a Hiltons a gindin dutsen Clinch, su kuma daren Asabar ne. Kusa da Galax akwai Blue Ridge Music Center inda makaɗan yankin ke zama da rana tsaka suna kiɗa kyauta tun daga bazara har zuwa Oktoba, wannan ya fi dacewa da mai iyali ko wanda ba ya son tuƙin dare. Mutanenmu na Nijar da ke Greensboro ta Karolina ta Arewa su ne suka fi kowa sa'a, zuwa Floyd ko Galax tafiyar awa biyu ko ƙasa da haka ce. Daga Washinton kuwa sai ka ware kusan awa biyar, gara ka kama ɗakin kwana. Kafin ka tashi ka duba shafinsu na intanet ko Facebook ka tabbatar akwai wasa a ranar, don da sanyi wasu wuraren suna tsayawa.

Abin da ya fara kwantar min da hankali da wuraren nan shi ne ba mashaya ba ne. A Carter Fold ba a shan giya, doka ce tun daga Janette Carter wadda ta fara shirya wasan a 1974 a tsohon kantin mahaifinta A.P. Carter, kuma ba a yarda da kayan kiɗa na lantarki ba sai ga wasu ƙalilan irin shahararren mawaƙin kantiri Johnny Cash, wanda ma a nan ya yi wasansa na ƙarshe a watan Yulin 2003, wata biyu kafin ya rasu. Za ka ga kaka da jika, jarirai a hannu, tsofaffi da sandunansu. Mutum zai iya zuwa da matarsa da yaransa ba fargaba.

Amma fa ka kula da abinci sosai. Yankin nan naman alade yana shiga kusan komai, har waken da za ka gani a kwano kamar wake zalla sau da yawa da ƙashin alade aka dafa shi, ganye ma haka, gurasar masararsu ma wani lokaci da kitsensa ake gasawa. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi, ko kuma ka ci abincinka daga gida ka sayi gugguru da lemo a can shikenan. Sai maganar sallah, da zafi magariba tana kaiwa kusan tara saura kwata, wato tsakiyar wasa za ta same ka, saboda haka ka zo da darduma da gorar ruwa a mota, lokacin hutun rabin wasa ka fita gefen wurin ajiye motoci ka yi abinka. A Floyd sa'ar farko, wajen shida da rabi, waƙoƙin coci ne ake yi, wanda bai son zama a wannan sai ya iso bayan bakwai da rabi lokacin da makaɗan rawa ke hawa, illa dai ka san kujeru sun riga sun cika. Mutane kan zo da wuri su ajiye hula ko riga a kan kujera, kar ka ɗauke, alama ce ta mai wuri.

Ka zo da kuɗi a hannu, ƙananan takardu, dala ɗaya ɗaya da biyar biyar. Kuɗin shiga ba yawa, amma akwai kwalba ko hula da ake ajiyewa gaban makaɗa, kuma galibinsu ba da kiɗan suke ci ba, wani kafinta ne, wani malamin makaranta, wata ma'aikaciyar jinya, sun tuƙo awa ɗaya ko biyu da man motarsu. Ba a liƙi irin namu, kar ka hau dandamali ka manna wa mai waƙa kuɗi a goshi, zai rikice kuma zai iya ɓata masa kiɗa, ka jira a gama waƙa ka saka a kwalba. In da hali ka sayi faifansu ko rigarsu a teburin baya, wannan kuɗin kai tsaye aljihunsu yake zuwa.

To yanzu ga asalin maganar, me za ka saurara. In an hau, ka fara gane kayan. Akwai jita, akwai katon bes da ake kaɗawa a tsaye shi ke riƙe da ƙasa, akwai mandolin ɗan ƙarami mai tsirkiya takwas biyu biyu, akwai gogen Turawa da suke kira fidil, wani lokaci da Dobro wato jitar da ake kwantarwa ana goga mata ƙarfe, sai banjo. Ba ganga ko ɗaya, amma za ka ji kamar akwai, saboda bes yana buga dum, mandolin yana amsawa da wani cak a tsakani, wannan dum cak dum cak ɗin shi ne gangarsu. In ka kama shi da ƙafarka ka kama rabin kiɗan.

Sai ka bambance iri biyu da baƙo ke ɗauka abu ɗaya ne. Akwai tsohon kiɗan tsauni, shi kowa da kowa tare suke bin karin ɗaya suna maimaitawa, goge ne jagora, don rawa ake yinsa, kuma mai banjo da bayan farcensa yake dukan tsirkiya ƙasa, babban yatsa na biyo baya. Bulugiras kuwa ya zo daga baya, Bill Monroe ɗan Rosine ta jihar Kentaki wanda aka haifa a 1911 shi ya kafa shi, sunan ma daga ƙungiyarsa Blue Grass Boys ya samo. A ƙarshen 1945 wani saurayi Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar da salon kaɗa banjo da yatsu uku sanye da faratan ƙarfe da roba, sautin na zubowa da gudu kamar ruwan sama a kan kwano, daga nan kiɗan ya zama abin da muka sani yau. A bulugiras bi da bi ake yi, a rera baiti, mai mandolin ya fito ya nuna gwaninta, a sake baiti, mai goge ya fito, haka har a zagaye. Duk wanda ya gama nasa ana masa tafi nan take ko da waƙa ba ta ƙare ba, kai ma ka tafa, ba rashin ladabi ba ne. Wasu ƙungiyoyin makirfo ɗaya suke amfani da shi a tsakiya, sai ka ga mai fitowa ya matso ya sunkuya, ya gama ya zame gefe da wuyan kayansa sama don kar ya bugi na kusa, wani ya shigo ta bayansa, wallahi wannan shiga da fitar kaɗai abin kallo ce. In sun zo amshi mutum uku ko huɗu su haɗa kai kusa da makirfon, ɗaya ya ɗaga murya sama can siririya mai kama da kuka, wannan muryar ce tambarin kiɗan, kuma waƙoƙin yawanci na kewar gida ne, uwa da ta rasu, jirgin ƙasa, mahaƙar kwal, masoyiya da ta tafi, gona da aka sayar.

Ka nemi kujerar da za ka ga hannun mai banjo. Ka dubi cikinsa zagaye da fata a shimfiɗe, tsirkiyoyi sun bi ta kan ɗan ƙaramin jaki, sannan ka lura tsirkiya ta biyar gajera ce, a tsakiyar wuya ta tsaya, babban yatsa ne ke taɓa ta tana ba da sauti ɗaya da ba ya canzawa. Ranar da na fara zama kusa haka, wani dattijo mai wandon aiki mai maɗauri yana kaɗa salon tsohon kiɗan, idonsa a rufe, ƙafarsa ɗaya na dukan katako, abin da ya faɗo min a rai shi ne mai gurmi a bakin kasuwa, har tsigar jikina ta tashi. Kuma ba zato ba ne kawai. Bayi 'yan Afirka ta Yamma ne suka fara ƙera banjo a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17 da duma da fatar dabba da sanda, Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da kansa ya rubuta cewa daga Afirka suka zo da shi. Wanda masu bincike suka fi nunawa a matsayin ɗan uwansa na kusa shi ne akontin na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya, mai gajeruwar tsirkiyar babban yatsa shi ma, kuma gurmi da molo da garaya da kuntigin Ɗan Maraya duk dangi ɗaya ne, ƙwarya ko itace, fata, sanda, tsirkiya. Daga baya a ƙarni na 19 fararen fata masu shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi don ba'a suka yaɗa shi, masana'antu suka koma yinsa da katako da ƙarfe, baƙaƙe da yawa suka bar shi, har aka wayi gari ana ganin kayan fararen ƙauye ne. Wannan ɓangaren yana min ciwo har yanzu.

Hannun baƙar fata bai tsaya kan banjo ba. A watan Agustan 1927 ne wani mai shirya faifai Ralph Peer ya naɗi muryar iyalan Carter da mawaƙi Jimmie Rodgers a Bristol, garin da iyakar Tenesi da Bajiniya ta ratsa tsakiyar titinsa, kuma daga nan ake lissafin farkon kantiri a kasuwa. Bayan haka A.P. Carter ya riƙa yawo ƙauye ƙauye yana tattara waƙoƙi tare da wani baƙar fata mai jita Lesley Riddle, Riddle ɗin ne ke haddace kari. Shi ma Bill Monroe yana yaro ya yi kiɗa tare da Arnold Shultz, baƙar fata ne, kuma bai ɓoye abin da ya koya a wajensa ba. A zamaninmu mawaƙiya Rhiannon Giddens 'yar Greensboro tana cikin masu dawo da wannan tarihin fili. In ka biya ta Bristol ka shiga gidan tarihin kantiri da aka buɗe a 2014, awa biyu sun ishe ka.

Zancen gaskiya, mai yiwuwa kai kaɗai ne baƙar fata a ɗakin, kuma a hanya za ka iya ganin tutar 'yan kudu ta zamanin yaƙin basasa a ƙofar wasu gidaje. Ni dai a cikin wuraren kiɗan fara'a na tarar da tambayar daga ina kake. Duk da haka ka je da abokin tafiya, ka cika tanki tun da rana, ka sauke taswira a wayarka don sabis yana ɗaukewa cikin tsaunin, kuma da dare ka tuƙa a hankali saboda barewa suna tsallaka titi ba zato.

Rawa kuma, in an fara kiɗa mai sauri za ka ji ƙaf ƙaf ƙaf ta cika ɗakin, mutane ne da ƙarafa a tafin takalmi suna rawar ƙafa, jiki a miƙe, hannu a sake, ƙafa kusa da ƙasa tana bin goge. Kowa shi kaɗai yake yi, ba sai ka riƙe kowa ba, yaro ɗan shekara biyar gefen tsohuwa mai tamanin. In kana sha'awa ka sa takalmi mai santsin tafi, ka tsaya gefe ka kalli ƙafar wani tsoho waƙa ɗaya ko biyu sannan ka shiga. In kiɗa ya yi sanyi ana rawa biyu biyu, sai ka koma kujerarka. Waya kuma a kashe mata ƙara, hoto ba laifi amma bidiyo mai tsawo ka nemi izini, kuma kar a yi hira lokacin waƙa mai sanyi don ba lasifika mai ƙarfi da za ta rufe muryarka.

Kar ka tafi gida da an tashi. A Floyd da zafi a waje ma ake kiɗa, gungu gungu a gefen titi da lungu, mutum huɗu nan bakwai can sun yi da'ira, ba tikiti ba dandamali. Ka tsaya bayan da'irar ka saurara, kar ka shiga tsakiya, kar ka taɓa kayan kowa sai ya miƙo maka da kansa. Ka lura da ƙafar mai goge, in ya ɗaga ta sama alama ce wannan zagayen ne na ƙarshe, kowa zai tsaya tare. Tsakanin waƙa da waƙa ne lokacin magana, ka gaida mai banjo ka tambaye shi wa ya koya masa, za ka sha labarin kakansa da kawunsa, kai kuma ka buɗe wayarka ka nuna masa bidiyon mai gurmi ko mai kukuma, saboda haka ka sauke guda biyu ko uku tun daga gida. In abin ya shiga ranka, sati na biyu na Agusta akwai babban taron masu goge a Galax da ake yi tun 1935, kwana da kwanaki ana gasa, mutane na kwana a tanti ana kiɗa har asuba, ɗakunan kwana na kusa suna cika da wuri don haka ka kama naka tun watanni kafin lokacin.