Yadda ake zaɓen gwanjo mai ƙarko a kasuwar Kantamanto da ke Akara, Gana

Duk wanda ya tashi a unguwannin Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akara ya san cewa sa gwanjo ba abin kunya ba ne, domin da shi aka rufa wa gidaje da yawa asiri. Abin da ke jan hankalina a gwanjo ya wuce araha: a cikin tulin nan mutum kan tsinci rigar da aka ɗinka tun zamanin da ake yin kaya don su daɗe, wadda sabuwar rigar kanti ta yanzu ba ta kama ƙafarta ba. Sai dai irin wannan tsintuwa sai a hankali, don haka mai saye yana bukatar ido da hannu da haƙuri.

Yana da kyau a fara sanin inda kayan suke fitowa. Da yawa daga cikinsu sadaka ce da mutanen Ingila da Amurka da Kanada ke kai wa shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam. Shagunan su sayar da abin da ya sayu a can, ragowar kuma su sayar wa 'yan kasuwa, waɗanda ke tantancewa su ɗaure a diloli masu nauyin kimanin kilo 55, a turo ta jirgin ruwa zuwa tashar Tema da ke kusa da Akara. Shi ya sa da yaren Tuwi ake ce musu "obroni wawu", wato kayan Baturen da ya mutu, ko da yake yawancin masu kayan suna nan da ransu, gajiya kawai suka yi da su. 'Yar kasuwar da ta sayi dila ba ta ganin cikinta kafin ta biya, ta yiwu ta dace, ta yiwu ta kwashi tsummoki. A tuna da wannan idan an zo ciniki.

Ranakun Laraba da Asabar aka fi kwance sababbin diloli, saboda haka mai neman na kirki ya yi sallar asuba ya kama hanya. Da zarar an yanke igiyar dila, masu sari ne ke rufa mata su ɗebe zaɓin farko, sai na biyu, sai na uku, daga nan sai abin da ake zubawa a ƙasa ana kiran farashi ɗaya. Wanda ya iso bayan azahar ba zai rasa abin saye ba, amma ragowar wasu zai tarar. A tafi da canjin sidi (kuɗin Gana) ƙanana, a riƙe jaka ta gaba, a kuma ba 'yan kayaye, wato mata masu dako, hanya idan sun taho da dila a ka, domin lungunan matsattsu ne kuma kayan da ke kansu ba wasa ba ne. Tun bayan gobarar da ta cinye babban ɓangare na kasuwar a farkon Janairun 2025, rumfuna da yawa sun sake wuri, don haka wanda ya daɗe bai je ba ya tambayi inda layin da yake nema ya koma.

Wurin dubawa ne ake cin riba ko a yi asara. Kada a duba riga a cikin duhun rumfa. A nemi izinin mai kaya a fito da ita haske, a juya ta ciki waje. Wuya da hammata da bakin hannu su ne ke fara tona asirin riga: idan wuyan ya goge har zare ya fito, ko hammatar ta yi ɗorawa da tsohon gumi, a ajiye ta, sabulu ba ya gyara wannan. A ja ɗinkin kafaɗa a hankali da hannu biyu, idan ya buɗe har ana ganin haske ta tsakani, kwananta ya kusa ƙarewa. Sannan a karanta 'yar takardar da ke liƙe a gefen ciki. Auduga zalla ko lilin su ne daidai da zafin Akara, yadin roba kuwa, komai kyansa a ido, zufa zai tara. Ga wandon jins, a duba tsakanin cinya da bakin ƙafa, a ja zif sama da ƙasa sau uku. Na taɓa ɗaga wani tsohon wandon Levi's daga ƙasan tuli, tun kafin in duba tambarin nauyinsa a hannuna ya shaida mini irinsa, ɗinkinsa biyu-biyu, gwiwarsa ta koɗe amma ba ta huje ba. Har yau ina sa shi. Takalmi kuma a lanƙwasa shi a ga ko tafinsa zai tsage, domin wanda ya daɗe a ajiye yakan yi kyau a sama alhali ƙasansa ya mutu.

Kamfai da sauran kayan ciki da hankici kada a saya ko da an ga suna da tsabta. Dokar Gana ma ta hana shigo da su tun 1994.

Ciniki a yi shi da mutunci. A fara da gaisuwa, a ce "Hajiya, ina kwana, yaya kasuwa?" idan mai jin Hausa ce, kafin a taya. Idan ta ce albarka, a ƙara kaɗan, kuma aibin da aka gani da gaske shi ne hujjar neman ragi, ba kushe kayan da ake so ba. Wanda ya riƙe mai kaya ɗaya yana komawa wurinta, wata rana ita za ta riƙa ɓoye masa na kirki.

Da an dawo gida, kada a haɗa gwanjo da kayan gida sai an jiƙa shi da ruwan ɗumi da Dettol, an wanke, an shanya a rana sosai, an goge da dutsen guga mai zafi. Rigar da ta yi yawa a kai wa telan unguwa ya rage ta, ya sake maɓalli, amma wadda ta matse a kafaɗa tun a kasuwa ake barinta, don tela ba shi da yadin da zai ƙara mata.